Zafin bazara da bulon roba: amsa ga malamin da fararen bulonsa suka koma rawaya

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Shekara 6 ke nan ina tara bulon roba na wasan yara, irin wanda ake harhaɗawa a gina gida ko mota. Yawanci a gwanjo nake tsintar su in na shiga Kano, wasu kuma ƙanena ne ya aiko min. Ina koya wa yara lissafi da su, amma gaskiya ni kaina ina sha'awarsu. Na ware musu ɗaki guda, ginin siminti, rufin kwano, babu silin, tagarsa tana kallon yamma. Bayan bazarar bana sai na ga fararen sun koma rawaya, wasu ba sa kama juna kamar da, babban faifan da nake gini a kansa ya lanƙwashe, sitika tana ɗagowa, tayoyin motocin kuma sun yi danƙo. Shin zafi ne ke narkar da su? Wani ya ce in riƙa sa su a firji, wani ya ce in riƙa yayyafa musu ruwa. Don Allah a ba ni shawara kafin wata bazarar."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Ka lissafo ciwo 5, ka ɗora su duka a kan mai laifi guda, wato zafi. Ni a nawa ganin masu laifin sun kai uku, wato haske da nauyi da zafi, kuma wanda ka fi zargi shi ne mai ƙaramin laifi a cikinsu. Zafin ɗakinka bai kai ya narkar da bulo ba, ko kusa. Amma yana taimaka wa sauran masu ɓarnar, yana ƙara musu sauri, shi ya sa ɓarnar ta fito fili bayan bazara.

Na yi shekaru a kan injin zuba roba a wata masana'anta a Sharada, cikin Kano. Bokiti da kujera da murfi su ne yawancin aikinmu, amma lokaci-lokaci akan kawo mana aikin gidajen kayan lantarki, wanda ake yi da irin robar da ake buga bulon kirki da ita. Daga baya ni ma na faɗa cikin tara bulon nan, kuma a ƙauye nake zaune, ƙarƙashin kwano irin naka. Don haka na sha irin takaicin da ka sha.

Da farko, wace roba ce a hannunka

Mu a gari komai roba muke ce masa, daga takalmi har kujera. A masana'anta kuwa kowace tana da sunanta da halinta. Bulon kamfanin LEGO, wanda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, an yi wa fasalinsa na yanzu rajista a 1958, kuma tun 1963 ake buga yawancinsa da robar da ake kira ABS. Kafin nan da wata roba ake yi wadda kan karkace in ta tsufa, amma da wuya ka ci karo da irin wannan tsohon a dilar gwanjo.

ABS haɗin abu uku ne. Ɗaya yana ba ta tauri da sheƙi, ɗaya yana ba ta juriyar zafi da sinadarai, na ukun kuma, wanda ake kira butadin, ɗan'uwan danƙon taya ne, shi ke hana ta fashewa in ta faɗi ƙasa. Ka riƙe sunan na ukun nan, za mu dawo kansa.

To ga lissafin da zai kwantar maka da hankali. ABS ba ta fara yin laushi sosai sai ta kai wajen digiri 105, wato ta wuce zafin tafasasshen ruwa. A inji kuwa sai mun kai ta sama da digiri 200 kafin ta yi ruwan da za a tura cikin mazubi. Wani abin da zai ba ka mamaki: kafin mu zuba ƙwayoyinta a inji, sai mun busar da su a digiri 80 na awa 2 zuwa 4 don fitar da danshi, kuma suna fitowa tsaf kamar tsabar shinkafa, babu wadda ta manne da 'yar'uwarta. A ƙasarmu zafin inuwa a watan Afrilu yakan zaga digiri 40, wata rana ya ɗan haura. Ko ɗakinka ya fi waje zafi, tazarar da ke tsakaninsa da 105 tana da yawa.

Sai dai kayan gwanjo gauraye suke zuwa. Ka ɗauki bulo ka duba 'yan maɓallan da ke kansa: na LEGO kowane maɓalli yana ɗauke da sunan kamfanin da ƙananan haruffa. Waɗanda ba su da shi, wasu ABS ne mai kyau, wasu kuma robar bokiti ce ta PP ko PE, wasu ma tsofaffin robobi ne aka niƙa aka sake zubawa. Akwai gwaji mai sauƙi da yara za su so. Ka zuba ruwa a roba, ka nutsar da bulo ka girgiza shi har iskar da ta maƙale a cikinsa ta fita. ABS ta ɗan fi ruwa nauyi, za ta nutse. PP da PE sun fi ruwa rashin nauyi, za su taso. Gwajin ba ya tabbatar da cewa duk wanda ya nutse mai kyau ne, amma zai ware maka rabin matsalar. Ina kyautata zaton yawancin waɗanda suka saki kamu suna cikin masu tasowa.

Rawayar nan aikin tagar yamma ce

A nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Abin da ya mayar da fararenka rawaya haske ne. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, masana suna kiransa UV. Shi ne ke kodar da atamfar da aka manta a kan igiya, shi ne ke mayar da kujerar roba gari-gari in ta shekara a tsakar gida. Idan ya sauka a kan ABS, butadin ɗin nan yake fara ci. Yana tsinka shi, iskar oksijin ta shiga ta haɗu da shi, sai fatar bulon ta canza launi. Fari ya koma rawaya, toka-toka ya koma kamar ruwan ƙasa, shuɗi ya ɗauko kore-kore. Ja da baƙi ma suna cutuwa, launinsu ne kawai yake rufa musu asiri. Kuma tunda butadin ne ke hana fashewa, bulon da ya sha rana ba launi kaɗai ya rasa ba: ya fara zama mai saurin karyewa, musamman 'yan sirara masu maƙata da hannayen 'yan mutum-mutumin.

Ba sai ka yarda da ni a baki ba, gani ya kori ji. Ka je ka ɓalle farin bulo guda daga ginin da ke kusa da taga. Za ka tarar gefen da ke kallon taga ya yi rawaya, gefen da ke kallon bango bai kai shi ba, wurin da wani bulo ya rufe kuwa fari ne tas. Da zafin ɗaki ne ya yi aikin, da ko'ina ya yi rawaya daidai wa daida, don zafi ba ya zaɓen gefe.

Zafi yana da hannu ta wata hanya. Irin wannan lalacewar, kamar sauran ayyukan sinadarai, tana ƙara gudu in wuri ya yi zafi. Ƙa'idar da ake ƙiyasi da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana iya ninka saurin kusan sau biyu. Shi ya sa ranar da ta shigo ta tagarka a watan Janairu, lokacin hunturu da hazo, ba ta yi ɓarnar da ta Afrilu ta yi ba. Ko a cikin duhu ma, farin ABS da ya daɗe a wuri mai zafi yakan ɗan sauya a hankali, amma wannan tafiyar hawainiya ce in aka kwatanta da ta rana. Tagar yamma ita ce mafi muni a ƙasarmu, don daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana tana shigowa a kwance har tsakiyar ɗaki, a daidai lokacin da bango da kwano suka gama ɗaukar zafi. Kada kuma gilashi ya ruɗe ka. Gilashin taga yana tare wani ɓangare na UV, amma yana barin da yawa su wuce.

Faifan da ya lanƙwashe da bulon da ya saki

Wannan ɓangaren ya fi ba ni sha'awa, don shi ne aikinmu a masana'anta kullum. Roba tana da wani hali da ƙarfe ba shi da shi a irin zafinmu: in ka ɗora mata nauyi ka bar ta, tana bin nauyin a hankali, ba ta kuma komawa daidai in ka ɗauke. Ka tuna kujerar roba da ƙafafunta suka buɗe saboda daɗewa ana zama a kanta, ko bokitin da aka rataye cike da ruwa har bakinsa ya zama kamar ƙwai. Babu wanda ya narke a cikinsu. Nauyi ne da lokaci, zafi kuma yana rage lokacin da ake buƙata.

Faifai shi ne ya fi kowa rauni, saboda faɗi gare shi ba kauri. Mai maɓalli 32 a kowane gefe yana da faɗin santimita 25 da ɗoriya, mai 48 kuma santimita 38. In ka jingine shi a bango, ko ka ɗora shi a kan katakon da tsakiyarsa ta lotsa, ko gefensa ya zarce bakin tebur da gini a kansa, to bazara guda ta isa ta koya masa sabon tsayuwa. Akwai kuma dalili na biyu. Duk abin da aka buga da inji yana fitowa da wani ɗan ɗauri a jikinsa, saboda fatar waje ta riga ciki hucewa. In rana ta gasa fuska ɗaya ɗayar tana sanyi, ɗaurin nan yakan saki a karkace. Dalili na uku shi ne buɗewa. ABS tana buɗewa da zafi fiye da katako: tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kusan milimita 2 in zafi ya hau da digiri 20. Ba shi da yawa, amma in ka kafe faifai da ƙusa ko gam a kan filawud, ba shi da inda zai miƙe, sai ya tashi a tsakiya kamar gurasa. Ni na taɓa yin wannan kuskuren, na manne faifai 4 a kan allo don in yi gari guda, watan Mayu bai ƙare ba sai da layin tsakiyar ya yi tudu.

Maganin faifai yana da sauƙi in bai karye ba. Ka kwantar da shi a kan wuri shimfiɗaɗɗe sosai, kamar gilashin tebur ko tayil, ka ɗora wani allo mai santsi a kai, ka danne da littattafai, ka manta da shi makonni. Halin da ya lanƙwasa shi, shi ne zai miƙar da shi, kuma bazara ita ce lokacin da ya fi dacewa da wannan aikin. Ba lallai ya dawo kamar sabo ba. Kada ka yi gaggawa ka kai shi kusa da murhu ko ka sa masa dutsen guga; maɓallan za su fara mutuwa kafin faifan ya miƙe.

Kamu kuwa, asalinsa matsi ne. Maɓallin bulon ƙasa yana cusuwa tsakanin bango da 'yan bututun da ke cikin bulon sama, robar ta ɗan buɗe kaɗan, ƙoƙarinta na komawa shi ne riƙon da kake ji. Bambancin da ke tsakanin bulo mai kamu da marar kamu bai kai kaurin gashi ba. In bulo ya shekara a matse cikin zafi, robar tana sabawa da buɗewar, ƙarfin komawar ya ragu. A ABS mai kyau wannan raguwar kaɗan ce, kuma sau da yawa in ka wargaza ginin ka bar bulon ya huta, yana ɗan farfaɗowa. A robar bokiti raguwar tana da yawa kuma ba ta dawowa. Kada ka manta da hannun yara da ƙura. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ta shiga tsakanin maɓalli da bututu tana aikin sanfefa duk lokacin da aka haɗa aka ɓalle. Bulon aji da yara 50 suke taɓawa dole ya riga na kan kanta sakin jiki, ko da a ƙasar sanyi yake.

Shawarata a nan: manyan gine-gine masu baranda ko dogon hannu da ke rataye ba tallafi, ka wargaza su kafin Maris ko ka sa musu ginshiƙi. Kada kuma ka adana bulo a jere a matse dogo-dogo don ya yi kyawun lissafi. A sake ya fi.

Waɗanda zafi ke ci kai tsaye

Sitika da taya da batir, waɗannan kam zafin ne da kansa. Gam ɗin bayan sitika yakan yi laushi da zafi, sitikar ta zame, daga baya ya bushe ya saki. Busasshiyar iskar Maris tana ƙara tsotse takardar har gefenta ya nannaɗe. Wadda ta fara ɗagowa, ka ɗaga ta a hankali ka shafa ɗan gam na takarda irin na 'yan makaranta. Ka guji sufa gulu, yana barin farin tabo a kan ABS kuma yana cin fuskarta.

Taya danƙo ce mai laushi, kuma a irin waɗannan robobin akan sa mai don su yi taushi. Zafi yana fito da man nan waje, shi ne danƙon da kake ji a hannu. Matsalar ba ta tsaya a tayar ba: in tayar arha ko wayar lantarki mai rigar roba ta PVC ta kwanta a kan bulo wata da watanni cikin zafi, man yana shiga jikin bulon ya bar masa shaida kamar an ɗana masa wuta. Mutane da yawa in sun ga wannan sai su ce bulon ya narke. Ka ware tayoyi da robar ɗaure kuɗi da wayoyi a ledarsu daban. Motar da ke kan kanta kuma ka sa mata ɗan bulo a ƙarƙashi ya ɗauke nauyin, don kada tayar ta baje ta manne da katako. Tayar da ta riga ta yi danƙo, wanki da sabulu yana rage shi na ɗan lokaci, amma ta kama hanyar tsufa.

In kana da masu ɗan inji ko fitila, ka cire batir duk lokacin da ba a amfani da su. Batir yakan yi yoyo a zafi ya cinye ƙarafunan ciki, na caji kuma yakan kumbura. Wannan ya wuce maganar asarar kayan wasa, maganar gobara ce.

Gyaran ɗaki

Da ni ne kai, ba zan kashe ko sisi a kan bulon ba sai na gyara ɗakin. Ka fara da sayen ma'aunin zafi, ko na 'yan kiwon kaji ya isa. Ka rataye shi kusa da kwano da misalin ƙarfe 3 na rana, gobe ka ajiye shi a ƙasa a daidai wannan lokacin, jibi ka sa shi a inda ranar taga ke sauka. Lambobi ukun nan za su nuna maka inda ya kamata kaya su zauna fiye da duk abin da zan rubuta, don ni daga nesa nake magana, kai ne a cikin ɗakin.

Kwanon da ke shan rana yakan haura digiri 60, kuma yana feso zafin nan ƙasa kamar garwashi a kan mai gashi. Abin da ke kan kanta ta sama, dab da rufi, shi ya fi shan wahala. Mu kuma al'adarmu ce mu kai abin da muka fi so can sama don kada yara su taɓa. Ka juya tsarin: masu daraja su sauko ƙasa cikin kabad mai ƙofa da kwaɗo, nesa da bangon yamma, wanda ke riƙe zafi yana sakinsa har bayan isha'i.

Taga ita ce aikin farko kuma mafi arha. Labule mai kauri yana tare haske, amma asabari ko zana da aka rataya ta waje ta fi shi, don tana tare ranar tun kafin ta shigo. In da hali ka kafa 'yar rumfa a gefen yamma, ka kuma dasa darbejiya. Tana da saurin girma, sai dai ka ba ta tazara daga gini saboda saiwa. Aiki na biyu silin. Ko wane iri ka samu ya fi babu, amma ka bar 'yan kafofi a saman bango tsakanin silin da kwano, ka toshe su da raga saboda jemage da tsuntsaye, don iskar da ta yi zafi ta samu hanyar fita. Silin marar mafita tanda ce kawai aka rufe. Farin fenti a bayan kwano yana rage zafin sosai. Wasu suna shimfiɗa zana ko karan dawa a kan rufin. Yana aiki, amma yana riƙe ruwa da damina ya jawo tsatsa, ga tsoron wuta, ga iskar farkon damina da ba ta barin abin da ba a ɗaure ba.

Sai kuma dabarar iyayenmu: a buɗe taga da ƙofa da dare, a rufe da hantsi kafin iska ta yi zafi. Fanka ba ta sanyaya bulo, mutum take sanyayawa saboda gumin jikinsa. Amfaninta ga ɗakin shi ne ta jawo iskar dare ciki. Kuma in batiran sola da inbata suna cikin ɗakin nan, ka raba su da shi, su ma zafi suke fitarwa.

Gaskiyar magana, in akwai ɗakin ƙasa mai rufin azara a gidan, ya fi ɗakin simintinka dacewa da kayan nan nesa ba kusa ba. Kaurin bangonsa yana hana zafin rana shiga da wuri, kuma yawanci duhu gare shi. Abokan gabarka a can gara ce da ɓera da yoyon damina. Gara ba ta cin ABS, amma za ta cinye kwali da littafin umarnin gini a dare kaɗan, ta bar maka ƙasa a cikin bulon. Bokitin fenti mai murfi da aka wanke, ko akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan duwatsu, ya magance wannan. Ka guji farar roba mai nuna ciki in za ta zauna inda haske yake, ka kuma guji baƙar leda a rana.

Wurin da bulo yake lalacewa da gaske cikin yini guda shi ne mota. Motar da aka rufe a rana cikinta yakan haura digiri 60, gaban gilashi kuma ya fi haka nesa. In ka sayo kaya a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, kada ka bari a ɗora ledarka a gaban direba ko a ɗaure ta a kan rufi tun daga Kano har Ringim. Ka riƙe ta a ƙafarka.

Firji, ruwa, da batun mayar da fari

Firji ba shi da amfani a nan. Bulo ba nama ba ne, ba ya ruɓewa, kuma fitar da shi daga sanyi zuwa zafi yana tara masa raɓa, wadda ke lalata sitika da ƙarafunan masu batir. Wurin ya fi dacewa da ruwan sha. Yayyafa ruwa kuwa, wanda ya ba ka shawarar ya kusa gaskiya amma ya saɓa wuri. A daɓen ɗaki ake yayyafawa, ko a jiƙa buhun algarara a rataya a taga, ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan yana aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Mayu iska ta yi nauyi, amfaninsa ya ragu. A kan bulon kansa, ruwa da ƙura taɓo kawai za su haɗa maka a cikin ramuka.

Wanki sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, kuma mafi dacewa bayan hunturu. Kamfanin LEGO da kansa yana cewa a wanke da hannu, da ruwan da bai wuce digiri 40 ba, kada kuma a shanya a rana. Ka lura da wannan, don ruwan baƙin tanki ko jarkar da ta yini a tsakar gida a Afrilu yana iya wuce haka. Ka ɗebo na randa, ka sa ɗan sabulun wanke-wanke, ka bi da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka baza a kan zani a inuwa. A busasshiyar iskarmu kafin la'asar sun bushe. Masu sitika da masu batir a goge su da tsumma kawai. Fetur da tina da ruwan goge jan farce kada su kusanci bulo. Na ƙarshen nan narkar da ABS yake yi a zahiri. Maganin sauro na feshi da fiya-fiya ma suna ɗauke da sinadaran da ke dushe sheƙi su kuma jawo tsagewa a inda robar take a matse, don haka ka rufe kaya kafin ka fesa. Hayaƙin turaren wuta da na girki suna barin wani maiƙo mai launin rawaya, wanda shi wanki yana fitar da shi. Ka fara wankewa tukuna, wataƙila wani kaso na rawayarka hayaƙi ne.

Wadda ta rage bayan wanki, ita ce ta rana, kuma a nan iyakar dabarata take. Masu tara bulo suna jiƙa fararen a ruwan haidirojin da ake sayarwa a kemis don wanke ciwo, su ajiye a rana na wasu awanni. Na gwada, kuma yana fari har ka yi murna. Amma fata kawai yake wankewa, bai mayar da butadin da ya tsinke ba. Nawa sun fara komawa rawaya tun ba a daɗe ba, wasu kuma fuskarsu ta dushe. A kan masu launi yakan bar dabbare-dabbare. In akwai wani gini guda da kake so ya yi kyau don hoto ko baje koli a makaranta, ka gwada a kan bulo 2 ko 3 da ba ka damu da su ba, da safar hannu, nesa da yara. Ga sauran, ban ga ribar wahalar ba.

Ni yanzu nawa da suka yi rawaya na daina jin haushinsu. Launinsu ya yi daidai da ginin ƙasa, da su nake yin ganuwa da zaure da rumbu, fararen kuma na bar wa masallaci. Kai da kake da aji ma ka fi ni samun amfaninsu. Ka ajiye bulon nan da ka ɓalle daga kusa da taga, mai gefe ɗaya rawaya gefe ɗaya fari, ka kai wa 'yan aji 5 ko 6 ba tare da ka faɗa musu komai ba, ka tambaye su ta wane gefe taga take.